Akwatunan Malam Sirajo

Shekara talatin da ɗaya Malam Sirajo ya yi yana koyarwa a makarantar firamare ta Sakajiki, kuma duk tsawon shekarun nan hanya ɗaya babur ɗinsa ya sani: daga ƙofar gidansa a Ƙaura Namoda zuwa gindin dalbejiyar makaranta, daga can ya komo gida. Da ya yi ritaya sai zaman zaure ya ishe shi. Yakan ɗauki waya ya yi ta kallon wasu mutane da ke ɗaura akwatuna a babur su kama hanya su kaɗai, ba biki za su ba, ba ta'aziyya ba, ba cin kasuwa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sha zana wa yara taswirar yankin nan a allo, ya sa ɗigo ya ce nan ne Katuru, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Katurun ba.

Wata safiya cikin damina ya ce wa matarsa Mardiyya zai yi tafiyar kwana uku, ya bi ta Moriki da Shinkafi da Katuru, ya dawo ta Zurmi.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Ba wanda ya rasu."

"To wurin wa za ka?"

"Ba wurin kowa ba. Gani kawai za ni yi."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi. "Malam, ganin mi? A wagga hanya da mutane ba su bi sai dole?"

Ya ce da rana zai riƙa tafiya, bayan motocin haya, kuma kafin la'asar ya sauka. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba.

Bawa mai walda ne ya ƙera masa akwatuna biyu na ƙarfe, ya yi musu mazauni a gefen babur, ɗaya hagu ɗaya dama. Na daman ya ɗan ja shi waje don kada zafin salansa ya dafa abin da ke ciki. Da ya gama ya buga murfin da tafin hannu ya ce, "Malam, abu biyu za ka riƙe. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Kuma hagu da dama su zo daidai. Sannan kada ka kuskura ka ɗauki mai a jarka, ko rabin galan ne. Ka san an hana, saboda halin da ake ciki."

'Yan acaɓan da ke hutawa a inuwar shagon suka ce duk wahala ce, ya tara komai a buhu ya ɗaure kan kariya da roba kamar yadda kowa ke yi. Ɗaya ya ce nauyi ya koma baya, wani ya ce in ya koma baya kan babur zai riƙa tashi. Suka ɗauki musu a tsakaninsu, har Malam Sirajo ya tafi ba su lura ba.

A gida ya shimfiɗa tabarma tsakar gida ya baje kayan: sufanu, fulaya, famfon hura taya, kayan faci, sabon tub, fulogi, galan ɗin ruwa, buta, darduma, gidan sauro, rigar ruwa, tufafi kala uku, maganinsa na hawan jini. Mardiyya ta ƙaro ƙuli-ƙuli da garin kwaki da ƙullin yaji, sannan ta koma ta fito da bargo. Ya raba takarda gida biyu, ya rubuta Hagu da Dama. Ɗaurin farko ya zuba ƙarafan duka a hagu saboda ya ga sun dace da juna. Yana ɗaga jak babur ya kwanta masa a ƙafa. Ɗauri na biyu ya zo daidai, amma sai ya tuna famfo da kayan faci suna can ƙasa, in taya ta sace sai ya zazzage komai a bakin hanya. Ya ciro su ya sa sama, sai ya tuna Bawa ya ce mai nauyi ƙasa. Ya tsaya da famfo a hannu ya rasa inda zai sa shi. A ƙarshe ya aro sikelin maƙwabcinsa mai awon hatsi, ya riƙa ɗora abu yana saukewa, yana gogewa yana sake rubutawa, har takardar ta huje.

Kafin ya kammala, labari ya gama unguwa cewa Malam Sirajo za shi Shinkafi da manyan akwatuna. Aka fara sallama. Wani ya kawo rabin buhun masara, wata ta aiko da kaza, wani ya ce ko zai rage wa ƙanensa hanya. Duk ya ba su haƙuri. Mutum biyu ne ya kasa kallon idonsu ya ce a'a. Hajiya Barakatu, dattijuwar da gidanta ke kallon nasu, ta kawo ƙunshi a baƙar leda ta ce na ɗiyarta Anisa ne da ke aure a Moriki, gidan Nuraddeen, ya ba ta hannu da hannu. Ta ce kusan wata guda ke nan wayarsu ba ta shiga, babu sabis. Alhaji Usmanu mai shagon yadi ya kawo nasa, shi ma a baƙar leda, ya ce na yayansa Liman ne a Katuru, tsarabar Makka ce da ya daɗe yana tambaya. Ƙunshin biyu girmansu ɗaya, duka masu taushi, kuma da ya ɗora su a sikeli bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Ya yanki takarda biyu ya rubuta Moriki da Katuru, ya manna da salatif, ya sa ɗaya hagu ɗaya dama, ya ji daɗi don ba su ɓata masa awo ba.

Da hantsi ya fita, sanye da hular kwano, ya bi bayan wasu motocin haya biyu. Babur ɗin ya zame masa baƙo. A kwana sai ya ji kamar ana jan sa ta baya, a gargada murafen akwatunan su yi ta kaɗawa. Gero ya yi kore shar dama da hagu, amma bai samu damar kallo ba, idonsa na kan ramuka.

Bai yi nisa sosai ba ya iske shingen jami'an tsaro. Aka bar motocin suka wuce, shi aka ce ya faka.

"Baba, ina zuwa?" in ji wanda ya tare shi.

"Moriki, Shinkafi, Katuru, sannan Zurmi."

"Fatauci?"

"A'a. Yawo dai."

Mutumin ya kira abokin aikinsa. Suka sake tambayarsa, ya sake ba su amsa ɗaya. Ba su yi masa tsawa ba, amma suka ce ya sauke komai. Ya baje kayan a gefen kwalta kamar mai talla. Suka shinshina galan ɗin ruwa, suka lallatsa ƙunshin nan biyu, suka duba katinsa na tsohon malami. Ɗayansu ya ce wataƙila ma ya taɓa koyar da yayansa. Suka ce ya yi sauri ya ɗaure, kada motocin su yi masa nisa. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Ya nemi takardarsa ta Hagu da Dama ya rasa. Ya tura kayan yadda suka shiga, ya danne murafe da gwiwa, ya hau.

Sai da ya isa bakin garin Moriki ya tsaya gindin wata tsamiya don ya ciro saƙon Anisa. Ya buɗe akwatin hagu, ga ƙunshi, babu takarda a jikinsa. Ya buɗe na dama, shi ma haka. Ya laluba ƙasa ya samo takardun biyu manne da juna a jikin buta. Ya ɗauki ƙunshin ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya jinjina. Ya tuna a gida na Moriki ya sa a hagu, don shi zai fara fita. Amma ya kuma tuna ya taɓa musanya su lokacin da yake neman wa famfo wuri. A shinge kuwa bai san wanda ya shiga ina ba. Ya ciro waya zai kira Alhaji Usmanu, babu sabis ko ɗigo. Ya yi tunanin ya ɗan buɗe baki ɗaya ya leƙa, sai ya ga amana ce, kuma an naɗe su da salatif ta ko'ina. Ya ce a ransa ai in ya ba da ba daidai ba, za su buɗe su gani a yi dariya a musanya. Ya zaɓi na hagu.

Ya tambayi wani mai shayi gidan Nuraddeen. Mai shayin ya dakata da zuba ruwa, ya dube shi, ya dubi akwatunan ƙarfen.

"Saƙo na kawo wa iyalinsa," in ji Malam Sirajo.

Mai shayin ya rage murya. "Daga can kake?"

Malam Sirajo ya ɗauka Ƙaura yake nufi. "E, daga can."

Mutanen da ke kan benci suka miƙe. Biyu suka wuce gaba da sauri, sauran suka biyo babur ɗin a ƙafa, ba mai magana. Ya yi mamakin irin wannan karɓar baƙo. Kafin ya kai ƙofar gidan mutane sun kai ashirin.

Wani dattijo mai farin gemu ya tarbe shi a zaure. Shi ne Malam Bilyaminu, mahaifin Nuraddeen. Suka gaisa. Ya ce a ba shi saƙon.

"Ka yi haƙuri, Malam. Hannu da hannu anka ce in ba Anisa."

Dattijon ya sa aka kira ta. Ta fito cikin dogon hijabi, da tsohon ciki, tana dafa bango. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Baba, kun gan shi?"

"Wa?" Ya waiga ya dubi mutanen. "Ni ban ga kowa ba, ɗiyata. Wanga dai anka ba ni in kawo miki."

Ta karɓa ta durƙusa, ta yage ledar da farce. Farin yadi ne ƙal, a ninke, yana ƙamshin turare. Ta ɗaga gefensa, ga wani a ƙasa, ga wani kuma. Duk wanda ke zauren ya san ko mene ne. Likkafani ne.

Wani ya fara salati, sauran suka ɗauka. Anisa ba ta yi ihu ba, sai ta sulale ta zauna dirshan, yadin na kan cinyarta. Daga cikin gida kuka ya ɓarke. Malam Sirajo na tsaye da hular kwano a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. Ya san ya ba da ƙunshin da ba shi ba, amma bai gane abin da ya sa ake kukan mutuwa ba.

Malam Bilyaminu ya kama hannun rigarsa. "Yaushe sunka kashe shi? Ina gawar?"

"Gawar wa? Malam, wa anka kashe?"

"Wa ya ba ka wanga abu?"

"Hajiya Barakatu. Uwarta. A Ƙaura."

Salatin ya tsaya cak. Wani daga baya ya ce, "Barakatu ta aiko ma ɗiyarta da likkafani?"

"A'a! Ba ita ba. Wato ita ta ba ni, amma ba wanga ba. Wanga na Katuru ne. Ina jin na Katuru ne." Ya kutsa cikin mutane ya fita, ya buɗe akwatin dama, famfo da buta suka zubo ƙasa, ya ciro ɗaya ƙunshin ya dawo da gudu. Shi da kansa ya yage shi a gabansu. Atamfa ce turmi ɗaya, da shawul, da 'yan rigunan jarirai da huluna.

Anisa ta daɗe tana kallon 'yan rigunan. Sannan ta ɗauki ɗaya ta rufe fuskarta da ita, sai a lokacin kukan ya zo mata. Mata suka fito suka shiga da ita.

Da zauren ya rage mutane, Malam Bilyaminu ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Kwana goma sha tara ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke Nuraddeen a gona tare da wasu mutum huɗu. Sau ɗaya aka ji muryarsa, daga nan shiru. Kullum ana zuba ido ko za a aiko wani daga daji. Shi ya sa da baƙo ya shigo da akwatunan ƙarfe ya ce daga can yake, kowa ya ɗauka shi ne.

Malam Sirajo ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ku yafe mini." Ya faɗa ya fi sau biyar.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya jawo farin yadin ya ninke shi a hankali, ya sa aka kawo wata leda ya saka. "Ba ka da laifi. Amma ina roƙonka abu guda. Barakatu ba ta sani ba. Mun ɓoye mata, don zuciyarta ba ta da ƙwari, bara ma sai da anka kwantar da ita asibiti. In ka koma kada ka faɗa mata."

"In ta tambaye ni fa?"

"Kai malami ne, ka san abin da za ka ce."

Bai sani ba, amma ya gyaɗa kai. Aka kawo masa fura, ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Da zai tafi Anisa ta aiko da ƙullin daddawa a kai wa mahaifiyarta, tare da cewa a gaya mata kaya sun yi kyau. Ya ɗaura wa ƙullin jan tsumma, ya sa shi cikin aljihun rigarsa, ba a akwati ba.

Ruwa ya same shi tsakanin Moriki da Shinkafi. Rigar ruwan na ƙarƙashin bargo, a akwatin da bai tuna ba, don haka ya isa Shinkafi a jiƙe. Ya sauka gidan wani tsohon abokin aikinsa. Mai gidan ya zagaya da shi kasuwa washegari, ya nuna masa kara, inda ake sayar da dabbobi, da rumfunan hatsi, yana ta ba shi labari. Malam Sirajo na amsawa da to, to, amma in aka tambaye shi abin da ya gani ba zai iya faɗa ba.

Katuru ta fi ɗigon da yake yi a allo girma. Ya iske Liman a ƙofar gida kan buzu, tsoho mai yawan dariya, haƙoransa saura kaɗan. Ya karɓi ledar ya buɗe, ya shinshina, fuskarsa ta washe.

"Usmanu ya cika alkawari. Shekara huɗu ina ce mishi in ya tahi ya wanko min shi da zamzam." Ya shafa yadin, sai ya tsaya. "Amma wanga ba ninkin ɗan kasuwa ba ne. An buɗe shi."

Malam Sirajo ya zauna ya ba shi labarin tun daga shinge. Liman ya saurara har ƙarshe, dariyar ta bar fuskarsa.

"Kuka anka yi bisanshi?"

"An yi."

Tsohon ya ɗora tafinsa kan yadin. "Allah shi sa ni za a sa ma shi, ba yaron ba." Ya tambayi sunan yaron da na uwarsa, ya ce zai sa a yi masa addu'a a masallaci bayan azahar. Ya hana Malam Sirajo tafiya sai da aka yi da shi.

Ya dawo ta Zurmi a rana ta uku. A can ne sabis ya dawo, saƙonnin Mardiyya suka yi ta shigowa a jere. Ya tsaya ya sha mai, ya ɗaure akwatin dama da roba don murfinsa ya fara buɗewa da kansa, ya kama hanyar gida.

Bai gama sauke kaya ba Hajiya Barakatu ta yi sallama. Ya miƙa mata ƙullin daddawa, ya ce Anisa ta ce kaya sun yi kyau.

"Cikin ya tsufa ko?"

"Ya tsufa, Hajiya."

"Nuraddeen fa? Kun gaisa?"

Ya sunkuya yana kwance robar da ba ta buƙatar kwancewa. "Ban iske shi ba. Sun ce tun da ya tahi gona bai dawo ba."

Ta yi dariya. "Shi ke nan aikinshi. In damina ta faɗi ba ka ganin shi gida." Ta sa masa albarka ta fita.

Mardiyya, wadda ke tsaye bakin madafi, ta ce, "Malam, mi ya faru a Moriki?"

Ya faɗa mata. Ta ce dole a gaya wa Hajiya, uwa ce, ɗiyarta na can da ciki cikin wannan hali. Ya ce ya yi alkawari. Ta ce ba alkawari ya yi ba, kai kawai ya gyaɗa. Suka kwana biyu suna juya maganar, in ta kawo hujja ya ga ita ce da gaskiya, in ya tuna fuskar Malam Bilyaminu ya ga shi ne da gaskiya. A ƙarshe bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kullum da safe Hajiya Barakatu na gaishe shi daga ƙofarta, shi kuwa ya amsa da sauri ya shige.

Bayan mako uku aka sako Nuraddeen da mutum biyu daga cikin huɗun. Ya dawo a rame, da ciwo a ƙafa, kwana biyu kafin Anisa ta haifi ɗiya mace. Sai da Hajiya Barakatu ta je suna ta gan shi da idonta sannan ta ji komai, har da labarin farin yadin. Da ta dawo Ƙaura ba ta zo ta yi masa faɗa ba. Ta dai daina gaishe shi. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Wata biyu aka yi a haka. Alhaji Usmanu ya ce masa ya kyauta da ya yi shiru, Mardiyya ta ce da ma ta faɗa masa. Shi kuwa ko da Hajiya ta sauko ta fara amsa masa kamar da, bai iya cewa ga wanda ya yi daidai a cikinsu ba.